Haƙoran Gitar Labo

Malbaza, 20 ga Satumba, 1984

Zuwa ga bawan gidanmu, Barmo ɗan Gwaggo Larai,

Gaisuwa mai yawa, ba don ka cancanta ba. Ina hwata kana lahiya, kai da Gwaggo da matarka Balaraba, wadda har yau ban gane abin da ta gani gare ka ba. Ni lahiya lau in ban da baya. Inna na Tajaye, ƙahwarta ta yi sauƙi, tana gaishe ku. Gona kam kada ka tambaya. Hatsi ya kawo iya gwiwa ya bushe tsaye, ko karan kirki ba mu samu ba. Samarin garin duk sun ɗaure kaya, wasu Abijan, wasu duk inda mota ta aje su.

Ga abin da ya sa na ɓata takarda kanka. Ka san Mato, direban nan na Ƙwanni da ya koma bin daji da babur tun da anka ruhe iyaka. Zai miƙa maka wani abu naɗe cikin bargo da buhu. Gitata ce. Ka wanke hannu kahin ka taɓa ta.

Na san ba wata gita ba ce. Ta araha ce, wani ɗan cin rani ya kawo ta ya rasa mai saye, katakonta kamar na akwatin sabulu. Amma ita gare ni. Akwai wani Takama, shugaban makaɗan orkes na Ƙwanni, waɗanda ke kiɗa gidan samariya da manyan bukukuwa. Ya ji ni wurin wani aure nan Malbaza, ya ja ni gehe ya ce mai gitarsu ya koma Yamai, suna neman wani kahin bikin jamhuriya na sha takwas ga Disamba. Ya ce hannuna ya yi mashi, amma gitata na gurnani kamar tsohon kare, in gyara ta in zo. Za a gwada mu ran Asabar ta hwarkon Disamba, ni da wani ɗan garin Tawa mai jar gita sabuwa wadda ubanai ya sawo mashi. Mutum guda za su ɗauka. In ni ne, na bar dakon siminti, Inna ta samu mai kai mata hatsi daga kusa. In ba ni ba ne, sai in bi sauran zuwa Abijan, don lodin ma ya ja baya tunda motoci ba su ƙetarawa. Ka ji girman abin ko ba ka ji ba?

Aiki biyu nike so. Na ɗaya, mikoro, wannan ƙarhen da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya shina ɗaukar sauti shi kai ma ampili, akwatin da ke ƙara murya. Nata ya mutu rabi, shi ke gurnanin. Ka nemo mai kyau nan Sakkwato ka sa mata. Na biyu, kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya. Sun sake, ina cikin kiɗa sai in ji murya ta zame. Ka canza su. Abin sayayya na hannun Mato.

Na uku ba aiki ba ne, kashedi ne. Za ka ga wuyanta sumul, babu ƙarahunan nan da ke gicciye, waɗanda muke ce ma haƙora. Ba zubewa sunka yi ba. Ni na cire su da awartaki ɗaya bayan ɗaya, na cike ramukan da ƙaro da garin katako. Ka tuna tsohon nan mai goge na bakin kasuwar Tajaye, da muke tsugunawa gabanai muna yara? Can kunnena ya tashi. Muryar da nike nema tana tsakanin haƙori da haƙori, in suna nan yatsa ba ya isa gare ta. Ita Takama ya ji ya kira ni. Tsirkiya huɗu gare ta, kuma huɗun nike so. Kada ka taɓa wuyan.

In ka ga rubutu ya karkace, ka tuna ban taɓa zama ajin lakwal ba, jikin buhu da kwalin shayi na koya, kuma duk da haka na hi ka.

Ubangidanka,
Labo


Sakkwato, 8 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga ubangidana mai wando ɗaya, Labo ɗan Kawu,

Na samu takardarka, na sha wuya kahin in karanta, kamar kaji sun yi dambe bisa. Muna lahiya. Gwaggonka ta yi kwana biyu tana zazzaɓi, yanzu ta tashi har tana hwaɗa da masu tallar itace. Labarin gona ya taɓa mu ƙwarai. Allah shi sa iyakar wahalar ke nan. Ka gaishe da Inna.

Jitarka ta iso. Da na kwance buhun sai da Balaraba ta yi salati, ta ce wa ya aiko muna da tsohuwa. Ta kuma iso daidai watan shara. Tunda ni ɗan mace ne kai ɗan namiji, kuma shekara nawa ba ka ba ni sharata ba, na so in riƙe ta. Sai na duba ta da kyau na ga ko mabaraci ba ya karɓa.

Na buɗe cikinta. Labo, wa ya haɗa maka wayoyin nan? An murɗe su da haƙori an naɗe da tsumma, ko ɗigon dalma babu. Rabin gurnanin daga nan shike. Na samu mikoro wurin wani ɗan Gana mai kayan kiɗa bayan tsohuwar kasuwa, an ciro shi daga jita ta gaske. Na gwada shi da ampilin shago, shiru kake ji sai in ka taɓa tsirkiya. Kunnuwa ma na samu, masu ruhi, ƙura ba ta shiga.

Labarin nan naka na awartaki kuwa ya ba ni dariya har da hawaye. Tun muna yara haka kake. Ranar da jakin Kawu ya kayar da kai gaban 'yan mata ka ce sauka ka yi. Haƙora sun zube don jitar ta araha ce, mine ne abin kunya ciki? Ka toshe ramuka da ƙaro, sannan ka ƙago mani tsoho mai goge. Ni ba zan bar ɗan Kawuna shi tsaya gaban mutanen Ƙwanni da jita mai wawulo ba, ɗan Tawa na mashi dariya. Zan nemo mata haƙora sababbi, in sa mata tsirkiya shida kamar ta mutane. Wannan daga gare ni ne, kada ka aiko da komi.

Bawanka da ya hi ka hankali,
Barmo


Malbaza, 21 ga Oktoba, 1984

Barmo,

Ina gaishe da Gwaggo, Allah shi ƙara mata sauƙi. Kai ban gaishe ka ba.

Takardarka ta ishe ni ina bisa mota da buhu a ka. Na karanta ta tsaye, na sake karantawa, sai da mai motar ya daka mani tsawa. Barmo, kai jaki ne? Kunnuwan nan naka masu kama da hwaranti, ado ne anka liƙa maka? Na ce maka ni na cire su. NI NA CIRE SU. Na rubuta da manyan baƙaƙe ko idonka shi gani, tunda kanka ba ya gani. Wata guda na yi ina cire su ina goge wurin har yatsa shi wuce bai ji komi ba. Kai kuma ka zauna cikin shagonka mai warin dalma kana tausayina. Wa ya roƙe ka tausayi?

Ka aje taubasantaka gehe ka saurare ni. Ni ban iya gita irin ta mutane ba. Ban san sunan murya ko guda ba, ban san inda suke aza yatsu uku su danne ba. Ɗan Tawa ya san wannan, malami gare shi. In ka ba ni gita mai haƙora ka sa ni gabanai, ka ɗaure mani ƙahwa ke nan ka ce in yi tsere da doki. Abin da ni ke da shi wanda ba shi da shi guda ne, yatsana na zamewa bisa wuyan nan gitar ta yi kuka kamar mace na kiran ɗanta daga gona. Shi kake son ka toshe da ƙarhe.

Ran Lahadi na hau mota na je Ƙwanni da niyyar in ƙetaro in ƙwace abata. Na kai har inda ake tsayar da mutane, anka maido ni. Masu babur sun ce su bi da ni ta daji, amma in an kama mu ba ruwansu, kuma in na kwana uku ban zo lodi ba wani ya gaje wurina. Na dawo ina cizon yatsa. Kan hanya na haɗu da Takama bakin tasha, ya ce, "Ɗan Malbaza, ina tsohon karen naka?" Na ce shina asibiti. Ya ce, "To shi warke da wuri, don yaron Tawa kullum shina gidan samariya shina gaishe ni." Ka ji. Kullum. Ni kuwa ina nan ina koyo bisa wani katako da na ɗaura ma wayar birki, kamar mahaukaci.

Ka sa mikoro. Ka sa kunnuwa. Ka naɗe ta ka ba Mato. Wallahi tallahi in ka sa mata ƙarhe guda, iyaka ko ta wuta ce sai na ƙetaro, in zaunar da kai gaban Balaraba in cire naka haƙoran da awartakin nan, in cike ramukan da siminti. Ba wasa nike ba, ɗan banza mai kan tulu. Ba wasa nike ba.

Labo


Sakkwato, 4 ga Nuwamba, 1984

Ranka shi daɗe, sarkin dakon Malbaza,

Muna lahiya, Gwaggo ta warke sarai, ta ce a gaya maka ka riƙa cin abinci.

Kai, Labo! Tun da muke ba ka taɓa rubuto mani takarda mai daɗin wagga ba. Na karanta ta da ƙarhi cikin shago. Malami mai shayi ya zube bisa benci shina riƙe da ciki, ya ce a maimaita mashi wurin siminti. Yanzu duk layinmu "mai kan tulu" suke ce mani, ka jawo mani. Balaraba ta ce in ka zo cire haƙoran ka hwara da na dama, shi ke damuna.

Na san ka. In kana jin kunyar alheri sai ka hau zagi. Ranar da na ba ka rigata ta salla zagina ka yi har bakin masallaci, kana sanye da ita. Da ka rubuto mani da ladabi, da na tsorata na ce wani abu ya samu ɗan Kawu. Amma tunda ina jaki kuma ina ɗan banza, na san lahiya lau kake.

Ga labari mai daɗi. Na samu wata jita da ta karye wurin makaɗan wani otal, wuyanta ya tsage amma haƙoranta garau. Na cire su. Na hwara kankare ƙaron nan naka, kuma gaskiya ka iya cikawa, ya ba ni wuya. Ramukan sun yi hwaɗi, haƙori ba ya zama da kansa, don haka zan kama su da gam mai ƙarhi, irin mai kwalba biyu da ake haɗawa. In ya kama, jikokinka ma ba su ganin ya motsa. Mikoro ya zauna, kunnuwa sun zauna. Saura wannan kawai. Ka bar ni da ɗan Tawa, sai ya raina jar jitarsa.

Kada ka damu da lokaci, tana isowa kahin ranarka.

Mai kan tulu,
Barmo


Malbaza, 14 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga Malam Barmo, mai gyaran rediyo, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina hwata kuna lahiya, ku da iyalinku da mahaihiyarku. Mu nan muna lahiya, alhamdu lillahi.

Malam, na samu takardarku. Na gode da wahalar da kunka sha kan kayana. Allah shi saka da alheri.

Ina roƙonku don girman Allah ku dakata da aikin wuyan. Abin da na rubuta maku tun hwarko gaskiya ne. Ni na cire ƙarahunan da hannuna, don da su ban iya kiɗa ba. In kun riga kun sa su kuma akwai halin cirewa, ku taimaka ku cire. In babu hali, ku aiko mani da ita yadda take, ba komi, haka Allah ya so.

In na taɓa hwaɗa maku wata magana da ba ta dace ba, tun muna yara har yau, ku yahe mani. Ba za a sake ba.

Ku huta lahiya.

Labo Chindo, lebura, Malbaza


Sakkwato, 27 ga Nuwamba, 1984

Labo,

Lahiyarmu lau, amma ba ita ce magana ba.

Wace irin takarda ce wagga? Wane ne Malam? Wane ne "ku"? Na karanta layin hwarko ina jiran inda za ka juyo ka zage ni, har na kai ƙasa ban samu ba. Na juya bayanta, ba komi. Malami ya ce in karanta masu, na ce ba ta karantawa ba ce.

Labo, ta makara. Takardarka ta yi kwanaki hannun wani mai goro kahin ta iso, ta ishe jitar ta bar gidan nan. Mato ya ɗauke ta tun ran Juma'a. Haƙoran na ciki, duka, kuma gam ya kama. Na hau keke na bi shi har tashar motocin Illela ko in cim mashi, anka ce ya shiga daji. Ba wanda ya san ta inda zai ɓullo, ya ce dai zai kai maka ita Ƙwanni kahin Asabar ɗin gwaji.

Na ɗauko takardarka ta hwarko na sake karantawa ni kaɗai. Komi na ciki, ka hwaɗa mani dalla-dalla. Har tsohon mai gogen na tuna shi yanzu, mai ido guda, da yadda kake ƙin tashi sai Inna ta zo da bulala. Ban san abin da ya toshe mani kai ba. Na ɗauka wasanmu ne. Kullum wasanmu ne, ta ina zan gane ranar da ba shi ba ne?

Kada ka ja su da awartaki. Ka ji ni, wannan ba wasa ba ne ni ma. Gam ɗin ya hi katakon ƙarhi, in ka ja, wuyan ne zai biyo haƙorin.

Na yi kuskuren karanta ma Gwaggo takardar. Da ta ji "mahaihiyarku" sai ta aje ludayi ta shiga ɗaki. Ta ce ɗan ƙanenta ya yanke ta, ta ce ni na jawo. Ba ta ci tuwon ranar ba.

In ka rasa wurin nan saboda ni, ban san da wace huska zan zo Tajaye ba. Ka rubuto. Ko mi za ka ce ka ce, amma kada ka sake ce mani Malam.

Barmo


Birnin Ƙwanni, 9 ga Disamba, 1984

Barmo,

Ka hwara kai ma Gwaggo wagga takarda kahin ka karanta sauran. Gwaggo, ina gaishe ki, ina durƙushe. Ni ɗanki ne, ban yanke ki ba, wa zai yanke hannunsa? Da wancan mai kunnuwan nike, ke ba ruwanki. Ki ci tuwo. Inna na gaishe ki, ƙahwa ta warke har ta je kasuwa.

To, kai kuma.

Takardarka ta iso bayan komi ya wuce, kamar yadda hankalinka ke isowa. Don haka kashedin awartaki bai same ni ba. Bari in ba ka labari tun daga tushe, don ka san abin da ka aikata.

Na zo Ƙwanni tun jajibiri, babu Mato. Ran Asabar da hantsi ina tsaye tasha kamar wanda anka dasa, sai ga shi ya ɓullo, shi da babur duk sun yi launin ƙasa. Ya sauke buhun shina washe baki, ya ce, "Ɗan'uwanka ya yi maka aiki, Labo. Ni da ban san kiɗa ba sai da na so in taɓa." Na kwance nan bakin kwata. Barmo, ba zan ɓoye maka ba, ta yi kyau. Ka goge ta tana ƙyalli, kunnuwa kamar azurhwa, tsirkiya shida, haƙora jere reras kamar na amarya. Mutane sunka taru suna sa albarka. Ni kuwa na aza yatsa na ja shi ƙasa, ya yi karo da ƙarhe, ya sake karo, ya sake. Na ji kamar in kwanta cikin kwatar. Mato ya ce, "Lahiya? Ko ba taka ba ce?" Na ce ba tawa ba ce.

Na ruga runhwar maƙera bayan kasuwa na ari awartaki. Na kama haƙorin ƙarshe na can ƙasa na ja. Ya taso, amma da tsokar katako biye da shi, tsaga ta miƙe kamar yatsana. Na tsaya. Na ga in na ci gaba, la'asar za ta ishe ni da itacen hura wuta. Na zauna ƙasa da gita bisa cinya, na zage ka, na zagi gam ɗinka, na zagi ɗan Gana da bai yi mani komi ba. Maƙerin ya ce in zagin ya ƙare in matsa mashi, ina tare haske. Shina wasa wuƙa da magagari. Na dubi magagarin na dubi haƙoran. In ba su hita, ai suna kwantawa.

Na ce shi ara mani. Ya ce, "Sabuwar gita za ka ci da magagari? Kai ɗan ina ne?" Na ce ɗan gidan mahaukata, akwai wani babba Sakkwato.

Na tsinke tsirkiya biyun da ka ƙara, na sassauta sauran, na hau gurza. Haƙori ɗaya bayan ɗaya, har shi yi daidai da katako yatsa shi wuce. Ka san taurin ƙarhen nan da ka zaɓo? Allah shi isa. Azahar ta yi ina gurza, na yi salla na dawo ina gurza. Hannun da ke ɗaukar buhu bai taɓa yin bororo ba sai ranar. Na taho daga ƙasa ina hawa, saura uku na can sama kusa da kunnuwa sai na ji an hwara gwada ganguna gidan samariya. Na toshe tsagar da ƙaro, na share garin ƙarhe da rigata, na ruga.

Na ishe ɗan Tawa ya hwara. Ba zan yi mashi ƙarya ba, ya iya. Tsab, kamar rediyo, ko kuskure guda. Ya gama ya aje jar gitarsa bisa kujera kamar jariri. Ya dubi tawa, wuya duk zane-zanen magagari, ya tambayi mai ganga ko mota ce ta taka ta.

Na haɗa waya. Na jira gurnani in san ta kama, shiru. Na ɗauka ba ta aiki, har na buɗe baki in sake zaginka, sai yatsana ya goga tsirkiya ɗakin duka ya amsa. Na razana. Waƙar hwarko na ɓata ta. Bororo ya hwashe, na hau sama na yi karo da haƙoranka uku murya ta karye. Na ga Takama ya juya shina magana da mai ganga. Na san ma'anar wannan juyawa. Na ga motar Abijan da idona, Barmo, har na ga inda zan zauna cikinta.

Na ce, "Maigida, a ƙara mani waƙa guda." Na sauko ƙasa inda na gurje, na ruhe ido, na ja kiɗan da tsohon ke yi in kasuwa ta watse. Yatsa ya zame. Shekara nawa ina jin muryar nan cikin kaina, gurnani na cinye rabinta kahin ta hito. Ranar na ji ta duka, har ɗan rawar da take yi can ƙarshe kahin ta mutu. Ban san ina da ita haka ba. Da na buɗe ido mai ganga ya riga ya shigo bayana ba wanda ya ce mashi, masu sayar da rake sun cika taga.

Takama ya karɓi gitar ya juya ta, ya shahwa wuyan, ya ce, "Wane azzalumi ya yi mata haka?" Na ce mu biyu ne. Ya ce, "Mikoron hwa?" Na ce wani bawana ne ya sa. Ya miƙo mani ita ya ce, "Litinin da sahe. Ka bar buhu. In ka ɓata mani waƙar hwarko ran sha takwas kamar yau, da kaina zan kai ka tasha." Ɗan Tawa ya ba ni hannu, na ba shi na hagu don na dama ba ya taɓuwa.

Ina Ƙwanni yanzu, ɗaki guda da mai ganga, shina minshari kamar injin niƙa. Na aika ma Inna da abin da ya samu.

Waccan takarda ka ƙone ta. Na hi awa ina rubuta ta, kowane "ku" kamar ina haɗiyar ƙaya, kuma kai ka koya mani ita da bakinka ranar da ka ce ladabina ne zai tsorata ka, don haka kada ka yi mani kuka. In kana jiran godiya kuwa, ka samu wuri ka zauna, mai kan tulu.

Ƙarhenka na nan cikin katakon, ya kwanta, ba ya hita har abada kamar yadda ka ce. Duk inda yatsana ya wuce ina jin sanyinsa. Ukun na sama kuma na bar su. Ba don kai ba. Hannuna ne ya gaji.

Ubangidanka,
Labo